Kafin a rataya wa Kawu ledar farko

Yaya, gaisuwa mai yawa. Allah ya ƙara wa Kawu sauƙi.

Ka tambaye ni ko maganin sankarar kaluluwa a nan Ingila ya fi na gida. Gaskiya ruwan maganin kusan ɗaya ne. R-CHOP ɗin da aka ambata muku, wato haɗin magungunan sankara da ake ɗurawa ta jijiya, shi muke rataya wa majinyata a sashenmu, zagaye 6, kowane bayan mako 3. Inda Ingila ta yi wa gida nisa shi ne ɗakin gwaji.

A nan idan an yanko tsokar kaluluwa, ba a tsayawa kan duba ta da madubin likita kawai, sai an binciki canjin da ya shiga ƙwayoyin halittarta. Tun 2018 hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ta rarraba wannan aiki a cibiyoyi 7 a faɗin Ingila. Nau'in sankarar kaluluwa da ya fi yawa, wanda ake kira DLBCL, R-CHOP yana warkar da wajen mutum 6 cikin 10. Amma idan gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira FISH ya nuna biyu daga cikinsu, MYC da BCL2, duka sun goce daga mazauninsu, ciwon ya fi taurin kai, kuma likita yakan koma ga haɗi mai ƙarfi irin DA-EPOCH-R, wanda ake ɗura shi awa 96 ba tsayawa. Na taɓa leƙa allon masu gwajin: ɗigo ja da kore, a manne idan lafiya, a rabe idan an samu karaya. Wannan 'yar tazarar ce ke sauya takardar magani gaba ɗaya.

Haka TP53, shi ma ɗaya ne daga ƙwayoyin halittar. Idan ya lalace a wani nau'in sankarar da ake kira mantil, kemo (maganin sankara na ɗurawa) bai cika riƙe ciwon ba, sai a karkata ga ƙwayoyin sha irin ibrutinib.

Wata abokiyar aikina da ta zauna Amurka ta ce can ma gwajin a wadace yake, sai dai sau da yawa sai kamfanin inshora ya amince. Mu nan ba a miƙo wa majinyaci takardar biya, amma akwai jira, kuma jiran yana cin rai.

Don haka kada ku yi gaggawar neman biza. Tsokar da aka ciro tana nan a daskare cikin ɗan kakin farafin, bai wuce akwatin ashana ba, kuma ana iya aika shi wani ɗakin gwaji ba tare da Kawu ya motsa ba. Ka tambayi likitansa ko an duba MYC da BCL2, in ba a duba ba, ina za a tura, kuma ko jikin Kawu zai jure jiran sakamako. Ka turo mini hoton rahoton ta WhatsApp, duka shafukan.