Mai rubuta maka ko na'ura? Kwatanci ga marubucin da ba ya gani

Malam, ka ce tun da ganinka ya tafi ɗan ƙanwarka ne yake zama kana faɗa yana rubutawa, yanzu kuma ya samu gurbin karatu a Zariya. Wasu sun ba ka shawarar ka koma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Gemini, wasu kuma daga cikinmu sun ce duk wanda ya taɓa su ya fita daga sahun marubuta. Kana son sanin wanne ya fi maka tsakanin mutum da na'ura, kana kuma son sanin ko amfani da na'urar ha'inci ne. Zan jera su in auna su aiki bayan aiki, amma dole a fara raba abin da ake cakuɗawa, domin yawancin gardamar da muke yi ta taso ne daga kiran ayyuka biyu da suna ɗaya.

Aiki na farko shi ne na'ura ta zame maka hannu da ido, wato ta mayar da abin da ka faɗa rubutu, ta karanta maka abin da ke kan takarda, ta nuna maka inda harafi ya faɗi. Na biyu shi ne ka ba ta umarni a jimla biyu, ita kuma ta ƙago maka babi sukutum ka sa sunanka. Ko kamfanin Amazon ya yi wannan rarrabewar tun watan Satumba na 2023: wanda na'ura ta samar masa da rubutu dole ya sanar da kamfanin kafin ya ɗora littafin, wanda kuwa ya rubuta abinsa da kansa ya nemi taimakonta wajen gyara ba a neman ya sanar.

A kan aiki na farko ba ma buƙatar aron hujja daga waje. Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, ya makance tun yana ƙaramin yaro, kuma shi ya tsara waƙoƙin Imfiraji, wasu suka rubuta daga bakinsa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ba a taɓa jin wani ya ce waƙar ta mai riƙe alƙalami ce ba. Saboda haka idan batun ɗaukar magana ne, abin aunawa shi ne wane mai ɗaukar ya fi riƙon amana.

Mutum yana da abin da na'ura ba ta da shi a nan. Ɗan ƙanwarka ya san muryarka da karin harshenka, ya san inda ka yi shiru domin tunani da inda ka yi shiru domin jimla ta ƙare, kuma yana bin labarin, har yana iya tsayar da kai ya ce, "Kawu, ba jiya ka ce ta tafi Kafanchan ba, ya aka yi yau take Kawo?" Wannan tambayar kaɗai rabin aikin edita ce. Sai dai yana gajiya, yana da nasa uzurin, kuma wani lokaci yakan canja maka kalma da zummar ya gyara. Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba, wato kunya. Babu Bahaushen da zai zauna da ɗan ƙanwarsa ya yi masa shiftar hirar miji da mata a ɗaki, ko zagin da kishiya ta yi wa kishiya, ba tare da ya sassauta ba. A ganina wannan ce asarar da ta fi girma, domin labarin yana fitowa a tace tun kafin ya isa takarda, marubucin da kansa ya yanke abin da zai iya furtawa a gaban yaro.

Na'ura ba ta jin kunya, ba a kuma jin kunyarta, kuma idan jimla ta zo maka da ƙarfe biyun dare tana nan. Tun watan Oktoba na 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake iya faɗa wa manhajar Gboard, wato allon buga rubutu na waya, ta rubuta. Rauninta yana fitowa ne inda ake hayaniya, kamar ƙarar janareto ko ta Keke Napep a bakin titi, da kuma wajen ƙa'idojin rubutu. Haruffa masu lanƙwasa sukan zube, a haɗe abin da ya kamata a raba, a raba abin da ya kamata a haɗe, ga rashin aya da waƙafi a inda suka dace. Wanda ya ce "baƙi sun cika gidan" aka rubuta masa "baki" ba zai gane ba sai ya bi kalmar harafi bayan harafi.

Akwai hanya ta uku da ban ji an ambata maka ba, kuma ita na fi ba ka shawara a kai, wato ka koyi buga rubutu da kanka a kwamfuta tare da manhajar da ke karanta abin da ke kan allo. NVDA kyauta ce, makafi biyu ne 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta, kuma tana nan tun 2006. JAWS ta girme ta amma ta kuɗi ce. A waya akwai TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone. Waɗannan ba sa ƙago komai, abin da ka buga suke maimaita maka, don haka ba su cikin gardamar tun asali. Gaskiya ne muryar da aka saba samu a cikinsu ta Turanci ce, tana karanta Hausa a karkace, sai kunne ya daɗe kafin ya saba, amma kowane harafi da ya hau shafin kai ka sa shi.

Wajen karatu kuwa na'ura ta yi wa mutum fintinkau. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri tun 1953, amma har yau mafi yawan littattafan Hausa ba a taɓa mayar da su rubutun makafi na Braille ba, shi kuma marubucin da ba ya karatu rubutunsa ba ya nisa. Manhajar Seeing AI ta Microsoft, wadda ta fito a 2017, da Lookout ta Google, suna karanta shafin da ka ɗora wa kyamara. Be My Eyes, wadda aka fara a Denmak a 2015 domin haɗa makafi da 'yan sa-kai ta kiran bidiyo, ta ƙara ƙirƙirarriyar basira a 2023, tana bayyana abin da ke cikin hoto, kana yi mata tambaya tana amsawa. Ka ɗauka mai ɗab'i ya turo maka bangon littafinka kafin a buga. A da sai ka nemi wani ya duba ya ce "ya yi kyau," ka haƙura da hakan. Yanzu kana iya tambaya ko sunanka yana sama ne ko ƙasa, wane launi aka yi amfani da shi, matar da ke hoton ta yi lulluɓi ko ba ta yi ba, sannan ka kira mai ɗab'in da magana a bakinka. Doka ma tana bayanka, domin Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ke sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, a shekarar 2017, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta halatta mayar da littafi zuwa sigar da masu lalurar gani za su iya amfana da ita. Inda na'urar ke gazawa shi ne tsofaffin bugu da tawadarsu ta dushe, da rubutun hannu, da ajami. Wanda bincikensa ya kai shi ga tsofaffin takardu a Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, dole ya tafi da mai karanta masa.

Tace rubutu shi ne wurin da nake son ka fi yin hattara. Idan Turanci kake rubutawa, waɗannan manhajoji sun ƙware wajen kama kuskuren nahawu. Hausa kuwa abin da suka koya daga gare ta kaɗan ne idan aka kwatanta, kuma wani kaso nasa fassara ce daga Turanci, shi ya sa Hausarsu take fitowa da ƙashin Turanci a ciki. Inda za ka ce "gabanta ya faɗi" sai su ce "zuciyarta ta nutse," inda za ka ce "ya nisa" sai su ce "ya ɗauki numfashi mai zurfi," sukan kuma fara jimla da "ya" su ƙare ta da "ta" a kan mutum ɗaya. Mai gani yana iya ajiye tsohon shafi da sabo ya hango abin da aka taɓa cikin ƙiftawar ido, kai kuwa sai ka saurari duka biyun daga farko har ƙarshe. Saboda haka kada ka taɓa ce mata "gyara mini wannan." Ka ce ta lissafo maka wuraren da take ganin akwai kuskure, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta taɓa rubutun ba, kai ka yanke hukunci a kan kowanne. Edita ɗan Adam da ya san Hausa ya fi ta nesa ba kusa ba a wannan aiki, kuma ban ga alamar hakan zai canja nan kusa ba.

Haka abin yake wajen bincike. Manhajar tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata ne, ba ta da ma'aunin gaskiya a cikinta, don haka tana iya shara ƙarya da cikakkiyar natsuwa. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago, waɗanda ba a taɓa yin su ba. Idan labarinka a kan ma'aikatan masaƙa ne a Kakuri, tana iya ba ka cewa an buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) a 1957 ta kuma durƙushe a 2002, wanda daidai ne, amma yadda unguwar take idan aka busa tashi daga aiki, da abin da ake sayarwa a bakin ƙofa, da yadda gidaje suka shiga ƙunci bayan rufewar, sai ka zauna da tsohon ma'aikaci. Idan ka matsa mata za ta ba ka amsa, sai dai amsar za ta iya dacewa da kowace masana'anta a kowace ƙasa.

Batun sirri duka biyun suna da haɗari. Mutum yana iya tura babinka ga abokinsa ya bazu kafin ka sayar da ko kwafi ɗaya. Na'ura kuma tana aika abin da ka ba ta zuwa rumbun kamfani a ƙasar waje, kuma wasu kamfanonin suna amfani da shi wajen horar da manhajarsu sai idan ka shiga saiti ka hana. Akwai marubutan da suka ƙaurace wa waɗannan manhajoji baki ɗaya domin an horar da su da littattafan mutane ba da izini ba, abin da ya sa ƙungiyar marubuta ta Authors Guild a Amurka ta maka OpenAI, kamfanin da ya ƙera ChatGPT, a kotu a 2023. Wannan matsayi ne mai hujja, ina kuma girmama shi, sai dai bai kamata mai idanu biyu ya ɗora shi a kan wanda manhajar ce idonsa ba. Kuɗi kuwa kowanne yana ci: na'ura tana cin data da caji da dala 20 a wata ga mai son tsarin ChatGPT Plus, mutum kuma kuɗin mota da ɗan alheri.

Saura aiki na biyu, wato na'ura ta ƙago labarin. A nan abin kwatantawa ba ɗan ƙanwarka ba ne, mutumin da ake biya ya rubuta littafi a sa sunan wani ne, kuma hukuncin da muke yi wa wancan shi ya dace da wannan. A watan Fabrairu na 2023 mujallar Clarkesworld ta Amurka ta rufe karɓar labarai na ɗan lokaci saboda ambaliyar labaran da na'ura ta ƙago. A 2024 kuma ƙungiyar NaNoWriMo ta Amurka, wadda a lokacin take zaburar da marubuta su rubuta littafi cikin wata guda, ta ce yin tir da ƙirƙirarriyar basira gaba ɗaya yana ɗauke da wariya ga masu buƙata ta musamman, sai ga shi marubuta masu buƙata ta musamman suna cikin waɗanda suka fi fusata, domin maganar tana nuna kamar ba za su iya ƙago labari da kansu ba. Ina tare da su. Makanta ta hana ka ganin shafi, ba ta taɓa tunaninka ko Hausarka ba, don haka ba uzuri ba ce a nan, kamar yadda ƙurewar lokaci ba uzuri ba ce ga mai gani da masu karatu suka dame shi da neman ci-gaban labari kowace rana. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ma ba ya yi wa abin da na'ura ta samar ita kaɗai rajista.

Abin da nake ganin zai fi maka shi ne ka buga ko ka faɗa wa waya rubutun farko kai kaɗai, ka bar wa na'ura karatu da bayanin hoto da nuna wuraren da ake zargin kuskure, idan yaron ya dawo hutu ya karanta maka littafin da babbar murya daga farko zuwa ƙarshe, sannan ya je hannun edita. Duk gasar da za ka shiga ka sa a karanta maka sharuɗɗanta tukuna, domin wasu suna hana ƙirƙirarriyar basira ba tare da sun bambance ayyukan biyu ba, kuma gara ka rubuta wa masu shiryawa ka bayyana yadda kake aiki tun kafin ka tura. Ka riƙa adana muryoyin da ka naɗa da kowane kwafi na rubutun tare da kwanan watansa, domin manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura suna yawan kuskure, kuma ranar da wani ya zarge ka, waɗannan ne shaidarka.