Ofishin lauyan da muka kai kukan ruwan kamfani, ga yadda ta kaya

Duk wanda ya taɓa zama ta wajen Sharaɗa a Kano ya san warin nan, ruwan kamfanin fata ne yake bi ta kwatar layinmu, yau baƙi gobe shuɗi-shuɗi, in damina ta zauna kuwa har soro yake leƙo mu. Yarana biyu ƙafafunsu duk ƙuraje. Da abin ya ishe mu sai muka haɗa kuɗi mu bakwai muka nufi wani ofishin lauyoyi a titin gidan Zoo, wani maƙocinmu ne ya yi mana hanya.

Gaskiya baristan ya burge ni, bai cika mu da turanci ba. Yana gama saurare ya ce "Alhaji kafin a je maganar kotu, kuna da hoto? Kun ɗebi ruwan an gwada?" Shiru muka yi, mu da baki kawai muka zo. Ya ce sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, sai dai yana cikin babi na biyu wanda ba a cika iya kai ƙara a kansa kai tsaye ba, wallahi nan jikina ya yi sanyi. Sai ya ce mu kwantar da hankali akwai NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, ita ta gaji tsohuwar hukumar kare muhalli ta FEPA wadda aka ƙirƙiro a 1988 bayan an kwaso sharar guba daga Italiya an jibge a garin Koko na jihar Delta, kuma ƙa'idar NESREA ita ce sai kamfani ya tace ruwansa kafin ya sako shi. Har ya ba mu labarin mutumin Delta da ya maka Shell a kotu kan ƙona iskar gas, kotun tarayya ta Benin ta ba shi gaskiya a 2005, amma fa har yau ana ƙona gas ɗin a yankin. Wannan rashin ɓoye-ɓoyen shi ya sa na yarda da shi.

Inda suka gaza, sakatariyarsu ba ta ɗaga waya sam, ranar farko awa biyu muka yi a benci ga an ɗauke wuta ga zafi, sannan kuɗin gwajin ruwa ba a faɗa mana tun farko ba sai da muka shiga ciki tsundum. Rasit ma sai da na tambaya sau biyu.

Takardar koke dai ya rubuta ta tsaf, ya haɗa da sakamakon gwajin, ya kai hukumar da ma'aikatar muhalli ta jiha, jami'ai suka zo suka duba. Yanzu da rana kwatar fes take, sai ƙarfe biyun dare suke sako ruwan. Barista ya ce mu ɗauki bidiyo mai kwanan wata, shi ya sa jiya ni da ladaninmu muna tsaye bakin kwata da tocila sauro na cin rabonsa. Tauraro huɗu cikin biyar na ba ofishin, ɗayan yana hannun sakatariya.