Na'urar gem don fim da waƙa: Xbox One S, PlayStation ko Switch?

Tun 2006, lokacin da Microsoft ya fara bayar da hayar fina-finai ta intanet a kan Xbox 360, ake cewa na'urar gem za ta zama kantin fim da waƙa a falon kowa. Maganar ba ta tsaya inda aka zata ba. Sony ya daina sayar da fim da bayar da hayarsa a PlayStation Store a ƙarshen Agustan 2021, Microsoft ya daina sayar da waƙa a manhajarsa ta Groove a ƙarshen 2017, ya kuma bar sayar da fim a Yulin 2025. Abin da ya rage shi ne Netflix da YouTube da Spotify, kuma a kan waɗannan na'urori ba sa barin ka sauke abu ka ajiye. Kallo kai tsaye ne, datarka na zuba.

Ga mai sayen data da awo, wanda wuta ke zo masa yadda ta ga dama, tambayar ita ce: wace na'ura ce za ta buɗe abin da ke cikin filashinka da faifanka ba tare da intanet ba?

Ni dai Xbox One S nake nuna wa mutane. Ta fito a 2016, an daina ƙera ta a ƙarshen 2020, don haka ta hannu za ka samu, kuɗinta bai kai na sababbin ba. Tana karanta DVD da Blu-ray har mai 4K, wanda PS4 Pro ma ba ta karantawa. Tana kunna faifan CD na sauti, wanda PS4 da PS5 duka sun ƙi. Mai tarin faifan karatun Alƙur'ani ko tsofaffin waƙoƙi ya san darajar wannan. Abin da ya fi ɗaure ni da ita shi ne kantin manhajojinta yana da VLC da Kodi, manhajojin kunna fim da waƙa. Ka je wurin masu tura fim su cika maka filashi, ka dawo ka soka, kusan duk abin da suka zuba zai buɗe, har da fassarar da ke gudana a ƙasa. Tana karɓar babban hard disk mai tsarin NTFS, alhali PlayStation sai FAT32 ko exFAT. Sharaɗi ɗaya ne: ranar farko dole sai da intanet, ka saita ta, ka sauke manhajar Blu-ray da VLC. A yi wannan a shagon kafin a biya. A kuma kula, akwai samfurinta na 2019 marar wurin faifai, ba ita nake nufi ba.

PS4 da PS5 sun fi ta ’yan wasa a unguwanninmu, kuma suna buɗe MP4 da MKV da MP3 daga filashi, amma suna da tsirfa, fayil kaɗan ya saɓa sai su ce ba su san zancen ba. Xbox Series S ba ta da wurin faifai. Switch kuwa ko Netflix babu a cikinta, a bar ta wa yara.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce ta taɓa ƙona ni. Xbox One ta farko, ta 2013, tana da tubalin caja a waje, kuma wanda aka yi don Amurka na wutar 110 ne, tamu kuwa 230 ce. Wani mai shago ya sayar mini da irinta, ya rantse komai daidai. Ina sokawa sai ƙara da warin ƙonewa. One S cajarta a ciki take, tana ɗaukar wutar kowace ƙasa. Duk da haka kada a haɗa ta da janareta kai tsaye ba sitabilaiza.

Kasuwar kayan hannu cike take da ’yan damfara, kuma a nan ne kuɗi ke salwanta. Akwai na'urar da kamfani ya haramta wa shiga intanet saboda laifin mai ita na farko. Haramcin yana jikin na'urar, sabon asusu ba ya cire shi, kuma a ido lafiyarta ƙalau. Ka kunna hotspot na wayarka a gaban mai shago, ka shiga kantin manhajojin na'urar, ka sauke YouTube. In ya fara cewa “ai network ne”, ɗauki kuɗinka ka fita.

Akwai kuma PS4 da aka fasa aka cika da gem kyauta. Tana jan ido, amma ba za ka shiga PSN, dandalin intanet na PlayStation, da ita ba sai ka sabunta ta, kana sabuntawa kuma gem ɗin su rufe. Wasu sukan ɗora gem da asusunsu, su ƙara kuɗi a kai, bayan sun karɓa su canza kalmar sirri. Kada ka biya kuɗin gem ɗin da ba a asusunka yake ba.

Juya ta ka duba bayanta. In tambarin garanti ya yage ko an liƙa sabo, an taɓa buɗe ta. Girgiza wayar HDMI a hankali tana kunne, in hoto ya ɗauke to bakin yana da matsala. Tafi da faifanka da filashinka, ka bar fim ya yi rabin awa yana tafiya, kana sauraron fanka. Mai gunji kamar injin markaɗe ƙura ta cika ta, ko zafi ya riga ya cinye ta. Pad na jabu ya fi na asali yawa: ba shi da nauyi, rubutun bayansa a dushe, sandarsa tana ja gefe ɗaya ko ba ka taɓa ba. Kwali mai ƙyalli da leda ba shaida ba ne, ana naɗe tsohuwa a ce sabuwa ce fil, alhali One S sabuwa daga kamfani ta ƙare tun 2020. Ka sa a rubuta lambar jikin na'urar a rasit, tare da kwanakin da za ka iya dawo da ita in ta ba da matsala.