Wadda ta gogi motata ita ta neme ni

Assalamu alaikum mutanen Damagaram, ya sanyi ya ƙura? Kullum tambayarku ɗaya ce, aiki da kuɗin haya da maganar takardu, to yau ba wannan zan kawo muku ba. Wani abu ne ya same ni a parkin ɗin wani babban kanti a bayan garin Liyon nan Faransa, wanda har yanzu in na tuna sai in kama jinjina kai ni kaɗai.

Ranar Asabar ce na shiga sayen shinkafa da mai, na fito ina tura amalanken kayana, tun daga nesa na hango bayan motata ba daidai ba. Parshok ya tsage, fitilar hagu ta fashe, ga fentin wata mota fari ya kwanta a jiki. 'Yar tsohuwar Peugeot ce okaziyo amma da gumina na saye ta, wallahi sai da gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, wanda ya yi ya yi gaba, sai dai Allah ya isa. Ina zagayowa gaba sai ga takarda an maƙale a ƙarƙashin abin share gilashi, rubutun hannu, da suna da lambar waya, wai ni ce na gogi motarka ina ja da baya, na jira ban gan ka ba, ka yi haƙuri ka kira ni.

Ni fa da farko na ɗauka 'yan damfara ne. Wa zai yi ɓarna babu wanda ya gan shi kuma ya bar lambarsa? Na dai kira. Tsohuwa ce sa'ar Innata, gidanta ba nisa, ba a jima ba sai ga ta ta dawo da takardar konsta, wato wadda masu mota biyu ke cikewa in an yi hatsari, da biro a hannu, tana ta ba ni haƙuri har ni na fara jin kunya ina ce mata ba komai Madam. A kan bonet ɗin motata muka cike. Takardar biyu ce manne da juna, abin da ka rubuta a sama yana fita a ƙasa, gefe ɗaya shuɗi na mota ta farko ɗayan rawaya na ta biyu, a tsakiya akwai gidaje 17 kowanne da irin yadda hatsari ke faruwa. Ita da hannunta ta sa alama a gida na 14, wato tana ja da baya, ni na sa a na 1, motata tana tsaye. Muka zana yadda motocin suke, muka sa hannu, kowa ya ɗauki tasa. Da shayi aka ɗora a lokacin da ko na biyu ba a zuba ba mun gama. Doka ta ba ka kwana 5 na aiki ka aika wa asirans ɗinka, wato kamfanin inshora, iyakar aikinka ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, babu mutum ɗaya da ya tsaya kallo. Mutane na wucewa da amalankensu ko waiwaye babu. Ku ɗauko wannan ku ajiye shi a bakin Kasuwar Dole ranar Alhamis, kun san sauran. Kafin ka buɗe ƙofa 'yan kabu-kabu sun zagaye ku kowa ya zama alƙali, wanda bai ga komai ba shi ne zai fi kowa rantsuwa, sannan a fara duba waye kai ɗan gidan waye. In mai laifin babba ne, kai da aka yi wa ɓarna kai za a taru a kanka, haba ɗan uwa yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ai Alhaji sa'an mahaifinka ne. Ka tafi da haƙuri a baki da fasasshiyar fitila, gyara kuma daga aljihunka. Haƙurin nan namu kullum wanda aka cuta ne ke biyan kuɗinsa, mai laifi sai dai ya ce Allah ya kiyaye gaba ya tada motarsa. Asirans kuma duk muna da ita a ma'ajiyar mota amma ku faɗi gaskiya, mutum nawa kuka sani da ya taɓa zuwa ya ce a biya shi? Takardar nuna wa polis ce kawai a wurinmu.

Da na ba wani abokin aikina ɗan Gine labari sai ya yi dariya, ya ce kar in maida Turawa waliyyai, shi an buge masa ƙofa a parkin an gudu ko sannu babu, kuma hakan na faruwa kullum. Ya ce tsohuwar ta san akwai kamara a wurin, kuma wanda ya yi ɓarna ya gudu laifinsa a dokar Faransa na iya kai shi ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 75,000, ban da maki 6 da za a cire daga cikin 12 na permi, wato lasisin tuƙi. Gaskiyarsa a nan. Amma ni na ga fuskar matar, kuma na san abin da ta jawo wa kanta da takardar nan. A nan duk hatsarin da aka ce laifinka ne, kuɗin asirans ɗinka na shekara mai zuwa zai hau da kashi 25 cikin 100, alhali in ka yi shekara lafiya kashi 5 kawai ake rage maka, sai ka yi shekara 13 ba ka taɓa kowa ba kafin ka kai ga biyan rabi. Ta san haka ta rubuta lambarta. Ko tsoron doka ne ko tarbiyya ce, ni dai an gyara mini mota ko dala ban fitar ba.

Gyaran ne fa ya ƙona mini rai. Sai ka ɗauki randebu da garaji, sai mai duba ɓarna na asirans ya zo ya gani ya yi lissafi, sai a yi odar kaya, ni kuma ina ta bin bas da metro da asuba cikin sanyi. Parshok ɗin da ya ɗan tsage gaba ɗaya suka cire suka jefar, na leƙa takardar kuɗin na ga ta haura Yuro 1000, wato sama da jaka 650 kuɗinmu. Na tuna masu gyaran jikin mota na Sabon Gari, da wuta da waya da ɗan fenti kafin la'asar sun miƙo maka makulli, har ka sha ruwan sanyi a inuwa ana hira. Hannun da yaranmu ke da shi nan babu shi, su canjawa kawai suka iya, kuma awa suke lissafa maka ba aiki ba.

To amma me ya sa ba a yi gardama ba? Saboda tun kafin a yi hatsarin kowa ya san hukuncin. Mai ja da baya shi ne da laifi, magana ta ƙare. Mai fitowa daga wurin ajiya shi zai jira mai wucewa. Ka buɗe ƙofa wata mota ta kwashe ta, laifinka ne. In ku biyu ne kuke ja da baya kuka haɗu, yawanci a raba muku biyu. Ba a tambayar wa ya fi girman mota ko girman rawani. Shi ya sa za ka ga mutum yana fita daga parkin a hankali tafiyar ƙafa ma ta fi shi sauri, don ya san aljihunsa ne a bayan motar.

A ma'ajiyar kayan da nake aiki doka ce, kowa da baya zai shiga wurin ajiya, hancin mota na kallon hanya. Da farko abin haushi ya ba ni, ka zo a makare ga wani a bayanka yana jira kai kana ta murɗa sitiyari. Sai mai kula da tsaron wurin ya yi mana bayani kuma na ga hankali a ciki. Lokacin da ka iso ka riga ka wuce ta gaban wurin, ka gani da idonka babu kowa babu komai, ramin da za ka shiga ba ya motsi. Amma in da hancin mota ka shiga, lokacin fita za ka tura bayan motarka cikin hanyar da mutane da motoci ke kai da kawowa, in kuma manyan motoci biyu suka sa ka a tsakiya sai rabin motarka ya fita kafin idonka ya ga gefe, ga shi lokacin tashi ne kowa a gajiye yana sauri. Wani abin da yawancinmu ba mu lura da shi, in kana ja da baya kana karya sitiyari gaban motar ne ke buɗewa waje, kai idonka na baya shi kuma hancin ya je ya gogi maƙwabci. A oto-ekol ɗinsu ajiye mota darasi ne mai zaman kansa, a jere da bakin titi, a miƙe, a karkace, kuma ranar jarrabawa ja da baya na cikin abin da za a sa ka yi. Mu a gida wanda ya iya kai mota Mirriya ya dawo ai ya zama direba.

Motocinsu ma suna taimaka musu. Tun watan Yulin 2024 duk sabuwar motar da za a sayar a ƙasashen Tarayyar Turai dole ta zo da abin da ke gano abu a baya, kamara ko mai ƙarar bip-bip, Amurka kuma tun 2018 ta wajabta kamarar. Amma motar tsohuwar nan sabuwa ce fil da kamararta, ta ce ita tana kallon wata mata mai keken jariri a ɗaya gefen. Don haka masu turo mini saƙo a nemo musu mai kamara, za a nemo, sai dai ku sani a ƙurar hunturun Damagaram idon kamarar nan kwana ɗaya ya isa ya rufe, in ba ka goge shi da yatsa kullum ba hazo kawai za ka gani.

Inda jikina ke sanyi shi ne maganar yara. Nan ba ka ganin ƙaramin yaro shi kaɗai a parkin, hannunsa na cikin na uwarsa ko yana zaune cikin amalanke. Mu kuma lungunan Birni da Zango, mota na tsayawa a ƙofar gida ta zama inuwa, yara a ƙarƙashinta, almajiri ya jingina da taya yana cin tuwonsa, akuya ta kwanta. Yaro ɗan shekara biyu ko uku tsawonsa bai kai gilashin baya ba, babu madubin da zai nuna maka shi, balle a Hilux ko Land Cruiser masu tsayin nan da kowa ke buri. Kuma yaro in ya ji an tada mota gudu yake yi wurinta don Baba zai fita. Kowannenku ya taɓa jin irin wannan labari a wata unguwa, kuma sau da yawa ba baƙo ba ne a sitiyarin, uba ne ko kawu ko direban gida. Zagaya mota sau ɗaya kafin ka shiga me zai rage ka da shi? Ka duƙa ka leƙa ƙasa, ka ce a riƙe yaran a zaure inda kake ganinsu, ka sauke gilashi ka kashe rediyo don ka ji in an yi ihu, wayar nan kuma a ajiye ta har a hau titi. Amma a'a, sai mutum ya shiga ya danna oda sau biyu ya taka, wai ai sun ji.

Kar ku ce na zama Bature, akwai abin da nake kewa ƙwarai. A gida kana fara ja da baya wani yaro ya taso ba ka kira shi ba, zo, zo, zo, karya hagu, tsaya! ya buga bayan motar da tafin hannu. Ka ba shi dala ashirin ko ka ce Allah ya yi albarka, ya wadatar. Nan ko za ka kwana kana fama da matsattsen wuri babu mai ɗaga maka hannu, sai dai na bayanka ya yi ta hura hanci a cikin motarsa. Ga kuɗin ajiya kamar haraji, cikin gari ko'ina sai ka biya na'ura, ka tsaya a wurin naƙasassu ko na minti ɗaya tarar Yuro 135 ce, jaka 88 da ɗoriya, kuma suna iya zuwa su ɗauke motar sai ka biya wani kuɗin kafin ka karɓo ta. Sai dai duk da haushin da nake ji, in na tuna ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure a gida yadda mutum zai toshe motoci biyar ya kulle tasa ya shige sahun gaba, a yi ta cigiya a lasifika mai mota kaza ya zo ya matsar shi kuwa yana zaune yana jan carbi, sai in ce da ma a aro mana motar ɗaukar nan ko ta wata ɗaya.

Kai kuma ƙanena na san kana karantawa. Madubin dama na motar gida da ya karye tun bara, wanda ka ce mini an sa, an turo mini hoton motar ranar sunan ɗan Yaya, igiyar roba na gani a wurin. Kuɗinsa na aiko tuntuni. Ka sa shi kafin sallah, in ba haka ba Baba zan kira kai tsaye.