Shafi biyu ko guda ɗaya mai daidaita kansa?

Hajiya na ga tambayarki a guruf, wai mai haɗa miki shafin intanet na shagon atamfa ya ce ki zaɓa, ko ya yi biyu, na waya daban na kwamfuta daban, ko ya yi guda ɗaya da zai riƙa daidaita kansa da kowane sikirin.

Tsarin shafi biyun nan shi ne irin wanda za ki ga adireshi ya fara da m, kamar m.facebook.com. Amfaninsa shafin wayar yana iya yin sauƙi sosai ya buɗe da wuri. Amma fa aiki biyu ne har abada, in kika canja kuɗin turmi a nan sai kin canja a can ko ki biya a haɗa miki su, kuma wata rana kwastoma zai turo linkin waya ga wanda ke kan laftof ya ga hoto ya miƙe ya cika fuska kamar an ja shi. Ga tablet kuma, wanne za a ba shi?

Guda ɗayan kuwa tun 2010 da wani mai zana shafukan intanet, Ethan Marcotte, ya fito da tsarin ya zama shi ne hanya. Shafi ɗaya, adireshi ɗaya, CSS, wato rubutun da ke tsara kamannin shafi, ita ce ke duba faɗin sikirin ta gyara jeri, a waya atamfofi su zo ɗaya bisa ɗaya ko bibbiyu, a tablet uku, a kwamfuta huɗu.  Kuma Google yanzu da sigar waya yake duba shafi wajen saka shi a bincike.

Ni dai guda ɗayan nake ba ki shawara, amma da sharaɗi, ki ce masa ya fara zana na waya tukuna sannan ya faɗaɗa, don masu sayen kayanki yawanci Tecno da itel ne a hannunsu da data kaɗan. Inda ake cutar mutane shi ne a ɗora hoto mai nauyin megabayit 4 a ce ai yana raguwa a waya, a ido ya ragu amma datar da yake ci tana nan. A matse hotunan a mayar da su WebP, wato nau'in hoto mara nauyi, maɓallin WhatsApp ya yi girman da babban yatsa zai danna ba kuskure.

Kafin ki biya cikon kuɗinsa ki buɗe shafin a ƙaramar waya da datarki, ba da wayfay ɗin ofishinsa ba.