Ledar kare fentin moto da na sa a Garwa, ga yadda ta kasance

Mu nan Garwa in mutum ya sayi sabon moto, TVS ne ko Boxer ko Haojue, ba ya yarda ya cire ledar da ta zo da shi daga kwali, wani ma sai ya ƙara naɗe ta da salatif har sai ka kasa gane launin moton. Niyya mai kyau ce amma wlh cutar fentin ake yi, don ƙura na shiga ƙarƙashin ledar, moto na girgiza a hanya ita kuma tana ta gogar fentin, damina ta zo ruwa ya shiga ya kwanta, ranar da ka cire sai ka tarar tanki ya dushe.

Wadda nake magana a kanta daban ce. Leda ce fara tas mai gam a bayanta, ana manna ta a jikin fentin ta zauna daram, in ba an faɗa maka ba ba za ka san da ita ba. Kaurinta bai wuce kusan 0.2 na milimita ba, kuma mai kyau ɗin da robar da ake kira TPU ake yinta. Asalinta ma ba don moto aka ƙirƙiro ta ba, kamfanin 3M ne ya yi wa sojan Amurka lokacin yaƙin Biyetnam don kare fikafikan helikwafta daga yashi da tsakuwa, daga baya masu mota suka ɗauka. To abin da aka yi don yashi ai mu ya kamata ya fara samu.

Ni a wani shago wajen Yelwa na sa, inda suke aikin sitika da baƙin gilashin mota. Ban ce a rufe moton duka ba, tanki kawai da madigadin gaba da murafun gefe inda ƙafa ke gogawa, sefa 15,000 muka daidaita bayan doguwar ciniki. Yaron da ya yi aikin ya burge ni gaskiya. Sai da ya wanke tankin da sabulu ya goge da alkol, ya ja ƙofar shagon ya yayyafa ruwa a ƙasa don kar ƙura ta tashi, sannan ya fesa ruwa mai ɗan sabulu a tankin da bayan ledar ya ɗora ta tana santsi, yana matsar da ita har ta zauna inda yake so. Daga nan ya ɗauki wata 'yar roba mai faɗi yana turo ruwan daga tsakiya zuwa baki, a hankali a hankali, wajen lanƙwasar tanki kuma ya hura mata iska mai zafi yana ja da yatsa har ta bi siffar. Na ce masa ƙanena ka yi sauri mana ina da wajen zuwa, ya ce yaya in na yi sauri kai ne za ka dawo kana faɗa. Na yi shiru. Ya ce kar in wanke sai bayan kwana biyu, kuma ƙananan ƙurajen ruwa da nake gani za su bushe da kansu, haka kuwa aka yi.

Yanzu ta ga hunturu ta ga zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40 kujerar moto ma ba ta zaunuwa. Ba ta yi ɗorawa ba, ba ta tsage ba. Ina yawan bin hanyar Pitoa ranar Lahadi saboda kasuwa, kun san yadda manyan motocin auduga da na siminti ke watso tsakuwa, madigadin gaba ya sha duka amma fentin na nan lafiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙananan karce, na makulli ko na zif ɗin jaka, ka ajiye moton a rana zuwa la'asar ka neme su ka rasa, saman ledar zafi ne ke sa shi komawa yadda yake, wasu a ƙasashen sanyi sai sun zuba ruwan ɗumi mu kuwa rana kyauta. Amma karce mai zurfi da ya yanka ledar ba ya komawa, kuma in ka faɗi da moto tanki ya lotsa babu ledar da za ta cece ka, kar wani ya yi maka daɗin baki.

Inda ban ji daɗi ba shi ne bakin murfin tanki. Yawancinmu zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba, muke sha a bakin hanya, mai sayarwa ya kafa mazurari ya juye kwalba, dole ya ɗiga, to man nan ya riƙa bin bakin ledar har gam ɗin ya saki wajen, ƙura ta shiga ta yi wani baƙin layi mai ban haushi. Da ya bar ɗan tazara tsakanin ledar da murfin da bai kai haka ba. Na koma ya yanke wajen ya gyara bai karɓi ko dala ba, wannan na yaba masa. Sannan yaran wankin moto masu injin fesa ruwa, ka hana su kai bakin tiyo kusa da gefen ledar, suna iya ɗaga ta.

Ku yi hankali kuma da mai arha, ta PVC, ita ce ta cika kasuwa kuma a ido kusan ɗaya suke. Abokina ɗan kilando, wato ɗan acaba, ya sa irinta, rana ta dafa ta ta koma ruwan ɗorawa ta yi tauri, da ya zo cirewa guntu-guntu take fita ta bar gam a tanki. Kafin ka biya ka ce a ba ka ɗan yanki ka ja, TPU tana miƙewa ta dawo, waccan kuwa sai ta yi fari ta tsaya a miƙe. In moton sabo ne kuma kana da niyyar sayarwa gaba, sa a tanki da gefe ya isa. In kuwa fentin ya riga ya karce ko fentin garaj ne aka sake, bar kuɗinka a aljihu, ledar ba ta ɓoye tabo, kuma ranar cirewa tana iya tahowa da fentin.