Wane Abin Kare Kunne Ya Dace da Ma'aikatan Asibitin Haƙori na Yara?

Ƙarar da ke asibitin haƙori na yara galibi daga wurare uku take fitowa: injin huda haƙori mai aiki da iska, bututun zuƙe yawu, da kukan yaron da ya tsorata, wanda yakan haura desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) kusa da kunnen likita. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta sanya desibel 85 a matsayin iyaka ga mai aikin awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, har ya zama minti 15 kacal a desibel 100. Ba kowane asibiti ne ke kaiwa wannan iyakar ba, don haka a fara auna ƙarar kafin a sayi komai.

Mafi araha shi ne abin toshe kunne na soso. Yana rage ƙara sosai, amma har da magana yake dushewa, kuma likitan da ba ya jin mataimakiyarsa ko yaron da ke cewa yana jin zafi, cire shi zai yi. Ga shi kuma sai an murza shi da yatsu kafin a cusa, abin da bai dace da hannun da ke sanye da safar aiki ba. Wanda ake kifawa a kan kunne kuwa, tabarau yana hana shi zama daidai, kuma yana iya ƙara firgita yaro.

A ganina, wanda ya fi dacewa shi ne abin toshe kunne mai matatar sauti a ciki, wanda tun asali don makaɗa aka ƙera shi, domin yana rage kowane irin sauti daidai wa daida, magana ta fito sarai. Ana samun matata mai rage desibel 9, 15 ko 25, kuma ta 15 takan wadatar. Akwai na gama-gari, akwai kuma wanda likitan ji yake ɗaukar awon kunnen mutum a ƙera masa. Ya fi tsada, amma mai sawa zai iya wuni da shi ba tare da ya dame shi ba. Na lantarki yana barin magana ta wuce ya danne ƙara mai ƙarfi, sai dai yana buƙatar batir.

In lokacin sauya kayan aiki ya yi, injin huda mai aiki da lantarki yawanci bai kai mai iska ƙara ba, kuma a ajiye kwamfuresa, wato injin da ke matso iska zuwa kayan aiki, a wani ɗaki daban.